Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ilimin sakandare na arewacin Kamaru a kan kulob ɗin kimiyya na 'yan mata

Zuwa ga masu girma wakilan Ma'aikatar Ilimin Sakandare a jihohin Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, da shugabannin lise da koleji, da shugabannin ƙungiyoyin iyaye da malamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ranku ya daɗe, mu malaman lissafi da kimiyya ne. Maganar da ta kawo mu ta shafi 'yan matan aji siziyem zuwa turwaziyem, wato azuzuwa huɗu na farkon sakandare, masu shekara 11 zuwa 16, da kulob ɗin da ake buɗe musu bayan an tashi daga aji.

Kun san yadda abin yake tafiya. A watan Oktoba a buɗe rajista, ɗaki ya cika har wasu su tsaya a taga. Kafin hutun Disamba an ragu, zuwa Fabrairu sai ka tarar da malami da 'yan ɗalibai ƙalilan, su ma galibi waɗanda dama suke kan gaba a aji. Daga nan a rubuta a rahoto cewa 'yan mata ba su da sha'awar kimiyya, a rufe zance. Mu ba mu yarda da wannan hukunci ba. Yarinyar da ta kai kanta ta rubuta suna tana da sha'awa. Abin da ke korar ta abubuwa ne ƙanana da za a iya ƙirgawa: ranar da aka sa, hanyar komawa gida, wanda ke riƙe da kayan aiki, da irin maganar da ke fita daga bakin malami idan ta yi kuskure. Kusan dukkansu ana gyara su da takardar umarni daga ofishinku, ba sai an jira kuɗi daga Yawunde ba.

Dalilin da ya sa muka matsa a kan waɗannan azuzuwa huɗu shi ne, ƙofar tana rufewa da wuri. A ƙarshen turwaziyem, bayan jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, ake raba hanya a aji na gaba, wato sagond: sagond A ta adabi, sagond C ta kimiyya. Wadda ta shiga A ta yi sallama da karatun likita a Garwa, da makarantar injiniyoyi ta Marwa, da karatun likitan dabbobi a Ngaundere, alhali shekarunta ba su wuce 15 ko 16 ba. Kuma ba a ranar cike takarda take yanke wannan shawara ba. Tun a katiriyem, aji na uku na sakandare, lokacin da lissafin haruffa ya yi nauyi kuma aka fara fizik da shimi (kimiyyar sinadarai), take gaya wa kanta ko ita mai iya lissafi ce ko a'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kulob ɗin da aka buɗe wa 'yan tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, ya makara da shekara huɗu.

Mu fara da lokaci, domin shi ya fi kashe kulob. Laraba da rana ita ce ta al'ada, amma a duba halin da yarinya take ciki a wannan sa'a. Ta fito gida tun kafin bakwai, wataƙila da kunu kawai a cikinta, an tashi bayan sha biyu, kuma daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa da Marwa yana haura digiri 40. Idan ba a tanadi ruwan sha da ɗan abin taɓawa ba, ko gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli, za ta tafi gida cin abinci, kuma wadda ta shiga gida da rana ba ta sake fitowa: ga wanke-wanke, ga ƙane a goya, ga tallan yamma. Saboda haka zaman Laraba ya fara minti talatin bayan tashi, a yi azahar a nan, a gama kafin la'asar, don kada a ci karo da islamiyya. A watannin zafi a mayar da shi Asabar daga takwas zuwa tara da rabi na safe. A Mokolo Laraba ranar kasuwa ce, duk wanda ya sa kulob a ranar yana gasa da uwar yarinya ne, kuma uwar ce za ta ci. A watan azumi ma a koma safiya, tunda daga azahar 'yan mata na murhu. Zama ɗaya a mako, minti 90, rana ɗaya da ba ta canzawa. Idan malami ya fasa zuwa sau biyu ba tare da sanarwa ba, iyaye sun daina yarda cewa makaranta 'yarsu take, kuma wannan yarda ba ta dawowa da sauƙi.

Sai hanya da wuri. A rubuta yara bisa unguwa, uku-uku ko huɗu-huɗu, su zo tare su koma tare. Uban da ya hana 'yarsa tafiya ita kaɗai sau da yawa yakan bar ta idan da 'yar maƙwabcinsa za ta. Ɗakin ya kasance a buɗe, kuma kowane zama ya zama da mace babba a ciki, malama ce ko uwa daga ƙungiyar iyaye. Namiji kada ya keɓe da ɗaliba, kada ya karɓi lambar wayarta; saƙo ya bi ta wayar iyaye. Wannan kariya ce ga yaran, kariya ce ga malamin. Akwai kuma abin da ake jin nauyin faɗa a taro: a shekarun nan ne yawancinsu suke fara al'ada. Idan mai gadi ya kulle bayan gida da tashin makaranta, ko babu buta da ruwa, yarinya za ta rasa zama ɗaya a kowane wata, kuma ba za ta taɓa gaya muku dalili ba. Mabuɗin ya kasance a hannun malamar, tare da sabulu da ƙunzugun zamani guda 'yan kaɗan a cikin akwatin kulob.

Takardar neman izini da aka rubuta da Faransanci aka ba yarinya ta kai gida ba ta isa ba. A je da ƙafa. A fara da mai unguwa ko jauro da limamin unguwa, sannan wata mace ta shiga gidaje ta zauna da uwaye, domin uba ne ke ba da izini amma aikin uwa ne ke tsayawa idan 'ya ta fita. A faɗi gaskiyar magana: rana kaza, daga ƙarfe kaza zuwa kaza, ga wadda za ta kasance tare da su, ba a biyan ko sisi. Hujjar da ta fi shiga kunnen iyaye ita ce ta asibiti, kowa yana son mace ta duba matarsa. A yi amfani da ita, amma kada a tsaya nan, don kada yaran su ɗauka iyakar kimiyyar mace ungozomanci ne. Wannan ƙasa ba baƙuwar karatun mata ba ce; tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, inda jaji, wato malamar da ke jagorantar rukuni, ke ɗaukar karatu ta kai wa mata har ƙauyukansu.

Wajen zaɓe, kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki goman farko na aji. Waɗannan ko babu kulob za su kai. Waɗanda ake asara su ne masu maki 8 zuwa 12 bisa 20, masu shiru a bencin tsakiya. A buɗe wa kowa, a kira waɗannan da sunansu ɗaya bayan ɗaya, domin irinsu ba sa amsa sanarwar da aka yi a filin tuta. Malami ɗaya kada ya wuce yara 24, a rukuni shida na huɗu-huɗu. A cikin kowane rukuni ayyuka huɗu ne: mai riƙe kaya, mai awo, mai rubutu, mai bayani a gaban jama'a, kuma kowane mako a juya. Wannan juyi shi ne ƙashin bayan aikin. Idan aka bar yara su raba da kansu, a kulob mai haɗe da maza za ku ga batir da waya a hannun samari, biro a hannun 'yan mata saboda wai rubutunsu ya fi kyau. Shekara ta ƙare yarinya ta cika littafi da sakamakon gwajin da hannunta bai taɓa ba. Inda ba a iya ware kulob na mata zalla ba, aƙalla rukunonin su zama a ware. Ko a tsakanin mata ma akwai mai ƙwace, shi ya sa juyin ba ya faɗuwa.

Tsarin zama kuwa: minti 10 na tambaya, kowace ta rubuta hasashenta a littafinta kafin a taɓa komai, minti 45 hannu a kan kaya, minti 20 na lissafin abin da aka auna, minti 15 na bayani. Rubuta hasashe shi ke sa yarinya ta damu da sakamako, kamar mai jiran a buɗe tukunya ta ga ko ta canka. Idan malami ya ci rabin sa'a yana rubutu a allo, ya mayar da kulob ƙarin darasi, kuma babu yaron da zai sayar da hutunsa don ƙarin darasi.

Ga misalin aikin da ya dace da makon farko, don kayansa na madafa ne kuma ba ya ƙin yi. A jiƙa zoɓorodo cikin tafin hannu ɗaya, wanda maƙwabtanmu Fulani ke kira folere, a rabin lita na ruwan zafi minti 15, a tace. A yanke gindin gorunan roba shida masu haske, a zuba ruwa rabi a kowanne, a ɗiga ruwan zoɓon har ya yi ja mai haske-haske da ake ganin yatsa ta cikinsa. Ɗaya a bar shi haka don kwatance. Sauran a sa musu lemun tsami, ruwan tsamiya, ruwan kanwa, ruwan toka, da garin sabulu. Masu tsami za su ƙara ja, masu kanwa su yi duhu su koma kore. Abin da ke ɓata gwajin kusan kullum kauri ne: zoɓon da ya yi kauri shi kansa mai tsami ne sosai, kuma duhunsa yana ɓoye canjin. A nan ne lissafi ke shigowa. Da sirinji marar allura a auna mililita 5 na ruwan kanwa, a ƙirga ɗigon lemun tsami nawa ke dawo da jan. Sannan a sa mililita 10, a tambaye su tukuna ɗigo nawa suke zato. Kumfar da ke tashi iskar kabon ce da ke fita daga kanwa. Daga ƙarshe a tambaye su me ya sa uwayensu ke jefa kanwa a miyar yakuwa, a bar su su gano da kansu cewa abin da suka yi ke nan. Gargaɗi ɗaya: ruwan jabel, wato bilic, kada ya shigo ɗakin. Ba ya nuna komai illa ya cinye launin, kuma haɗuwarsa da abu mai tsami yana fitar da iska mai guba.

Aikin inuwa ya fi wannan zurfi, kuma ya zo daidai da ka'idar Tales, ta gano tsawon abu ta hanyar kwatanta shi da wani, da 'yan turwaziyem ke haddacewa ba tare da sun ga amfaninta ba. A kafa sanda mai tsawon mita 1, a auna inuwarta, a auna inuwar abin da ake son sanin tsayinsa a lokaci guda. Idan inuwar sanda santimita 80 ce, ta giginya kuma mita 9 da santimita 60, tsayin giginyar mita 12 ne. Kada a fara da darbejiya ko da ita ce ta cika farfajiya, domin kanta mai faɗi ne, ba a gane inda inuwar ƙololuwa ta faɗa. Sandar tuta ko kusurwar gini ta fi. A auna inuwa biyun cikin minti biyu ko uku, don inuwa tafiya take yi. A tabbatar sandar a miƙe take da zare mai ɗaure da dutse. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri a ɗage aikin, bakin inuwa ba ya fita.

Daga nan akwai abin da biyu daga cikin jihohinku za su iya yi tare, wanda muke roƙon ku da ku ɗaure masa gindi. Ngaundere da Garwa kusan a kan layi ɗaya suke daga kudu zuwa arewa, tazararsu a miƙe kimanin kilomita 220. Idan kulob biyu suka kafa sandar mita 1 a Asabar ɗaya a tsakiyar Disamba, suna sa alama a bakin inuwa kowane minti biyar daga 11:30 zuwa 12:30, suka ɗauki mafi gajarta, za a samu kusan santimita 64 a Garwa, 59 a Ngaundere. Da tanjant ɗin da ake koya a turwaziyem, wato lissafin da ke fitar da kusurwa daga tsawon inuwa da na sanda, wannan ya ba da kusurwa kusan digiri 32 da rabi da kuma 30 da rabi, bambanci digiri 2. Digiri 2 yana shiga 360 sau 180, kuma 180 sau 220 ya ba da kilomita 39,600. Kewayen duniya kimanin 40,000 ne. Yara masu shekara 14 sun auna duniya da sanda da kiran waya ɗaya. Amma a sani aikin yana son natsuwa: kuskuren milimita 5 a inuwa yana karkatar da amsa da kusan kashi 10 cikin 100. Shi ya sa kowane rukuni zai kafa tasa sandar a kan daɓen siminti mai lebur, a haɗa awo shida a ɗauki matsakaici. Kada kuma a yi amfani da nisan hanyar mota, ta fi haka tsawo saboda kwane-kwane da gangaren dutse. Idan amsa ta fito 35,000 ko 45,000 ba a faɗi ba. Zaman mako mai zuwa shi ne neman inda kuskuren ya shiga, kuma sau da yawa wannan zaman ya fi na farko amfani.

Ga aikin makonni da yawa, tukunya cikin tukunya, wadda malamin nan na Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa a shekarun 1990. Tukwanen ƙasa biyu marasa fenti, ƙarama cikin babba, yashi a tsakaninsu kaurin yatsa biyu zuwa uku, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Ruwan da ke tsatsowa ta jikin babbar yana bushewa ya tafi da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. A sa tumatir biyar a ciki, biyar irinsu a kwando a gefe, a riƙa rubuta zafin ciki da na waje sau uku a yini da ma'aunin zafi, a zana jadawali. Tana aiki daga Nuwamba zuwa Afrilu saboda iska a bushe take. Da damina ta shigo bambancin ya ragu sosai, kuma wannan ma tambaya ce da za a bar musu. Idan ta ƙi sanyi, a duba uku: an ajiye ta a lungu marar iska, ko yashi ya bushe, ko babbar tukunyar an shafe ta da siminti.

Wutar lantarki kuwa a tabbatar kowace yarinya ta haɗa da hannunta, don nan ne aka fi ce musu aikin maza ne. Ɗan ƙwan LED ja yana son kimanin bolt 2, fari kimanin 3, saboda haka batir ɗaya mai bolt 1 da rabi ba zai kunna ko ɗaya ba. Sai biyu a jere. Doguwar ƙafar ƙwan ita ke zuwa gefen da ke da alamar tarawa, idan aka juya ba ya ci. Da batir mai bolt 9 dole a sa rezistans, abin rage ƙarfin wuta, na om 470, in ba haka ba ya ƙone nan take. Matattun tociloli da rediyoyi sun ishe ku kaya. Idan fitila ta ƙi ci, malami ya sa hannunsa a baya ya yi tambaya. Da zarar ya karɓa ya gyara mata, abin da ta koya shi ne cewa sai an karɓa.

Lissafi tsantsa ma yana da ƙofofinsa a gida. Yarinyar da ke tsoron kasafi a aji ta ji rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi a islamiyya. A ba ta mas'ala: mutum ya rasu ya bar mata, uwa, 'ya ɗaya da ɗan'uwa shaƙiƙi, dukiya sefa 480,000. Sumuni da sudusi da rabi ba sa haɗuwa sai an raba dukiyar gida 24: mata 3, uwa 4, 'ya 12, saura 5 na ɗan'uwan, kowane kaso sefa 20,000. Ta nemo 24 ɗin nan da kanta, ta gama da babin da ya hana ta barci. Haka gidan lambobi mai layi uku-uku da kowane layi ke ba da 15, da mai biyar-biyar da ke ba da 65. A gaya musu Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Katsinawi ya rubuta littafi a kan hanyoyin gina irinsu a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Sai dai a bayyana wa iyaye tun farko cewa ƙidaya ake koyarwa, don wani yana ganin zanen zai ce hatimi ne. A ƙara da yankan kwali: shimfiɗa nawa ce za a naɗe ta zama akwati mai fuska shida irin ɗan ludo? Goma sha ɗaya ne, kada a faɗa musu. Juya siffa a cikin kai abu ne da ke ƙaruwa da yi, kuma yaran da ke ƙera motar kara da ta gwangwani a titi sun riga 'yan'uwansu mata samun wannan horo.

Duk waɗannan harshen malami yana iya rushe su a zama ɗaya. Tun shekarun 1970 Mary Budd Rowe ta auna a Amurka ta ga malamai ba sa jira fiye da kimanin daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma idan suka jira uku ko fiye, amsoshi suna tsawo, masu amsawa suna yawa. A wurinmu, inda aka tarbiyyantar da 'ya mace da kunya da sunkuyar da kai gaban babba, daƙiƙa ɗaya ba ta isa ta ɗaga ido ba ma. A ƙirga biyar a zuci, ko a ce kowace ta fara gaya wa ta kusa da ita. Sai yabo. Binciken Claudia Mueller da Carol Dweck na 1998 ya nuna yaran da aka yaba wa da cewa suna da ƙwaƙwalwa sun fi gudun aiki mai wuya da saurin karaya bayan sun faɗi, a kan waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. To a bar "ke gwana ce", a faɗi abin da ta yi: "Kin sake awo da kika ga lambar ba ta yi kama da sauran ba, haka ake yi." Mafi muni shi ne "kin yi kamar namiji", wanda mai faɗarsa yake zaton yabo ne. Idan amsa ta kauce, a ce "nuna mana yadda kika bi", domin galibi matakai uku daidai ne, na huɗu ne ya zame. Bulala da durƙuso ba su da wuri a nan ko kaɗan.

A bar su su yi gardama da Hausa, da Fulatanci, da Larabcin Shuwa, da duk harshen da tunani ya fi gudu a cikinsa, sannan a rubuta sakamako da Faransanci tunda da shi za a yi jarrabawa. Sau da yawa abin da ake kira raunin lissafi raunin karanta tambaya ne. Yarinyar da ke ba da canjin ƙosai ba ta kuskure, ko wadda ke ƙirga kuɗi da riyal a bakin iyakar Cadi tana ninkawa da biyar a ka, ba lissafi ne ya gagare ta ba.

Game da abin koyi, babbar baƙuwa da ta zo da mota ta yi jawabi ta tafi tana burge yara, amma ba sa ganin kansu a jikinta. Wadda ke tasiri ita ce 'yar unguwarsu da ke faramiyar C ko D, ajin kimiyya da ke bin sagond, ko ɗaliba daga makarantar horon malamai ta Jami'ar Marwa, wadda za ta riƙa zuwa kowane mako, ta ce ita ma ta taɓa cin 6 bisa 20 a katiriyem, ga yadda ta fita. Yanzu kowace jiha tana da jami'arta, Ngaundere tun 1993, Marwa 2008, Garwa 2022, saboda haka yayyen nan suna kusa. A ba kowane kulob biyu, a biya musu kuɗin babur, a ba su takardar shaida. Ziyara ɗaya a shekara ta isa, zuwa madatsar Lagdo, ko tashar hasken rana ta Gidar ko ta Marwa, ko ɗakin gwajin jini na asibitin gari, da sharaɗin kowace ta tafi da tambaya a rubuce.

Ranar 11 ga Fabrairu ta haɗa Bikin Matasa na ƙasarmu da ranar mata da 'yan mata a kimiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana a 2015. Dama ce, amma ta zama tarko: a buga riguna, a yi fareti, a ɗauki hoto, kuɗin shekara ya ƙare a yini ɗaya. Kuɗin rigunan nan zai sayi ma'aunin zafi da tef ɗin awo da batir na zama ashirin. Gasar da ke fitar da gwana ɗaya ma a yi hattara da ita, tana faranta wa mutum ɗaya ta tabbatar wa ashirin da uku abin da suke tsoro. Ya fi kyau ranar ta zama ta baje koli a cikin unguwa, kowane rukuni da teburinsa, uwaye su zo su ga 'ya'yansu na juya launin zoɓo suna bayani. Gani ya kori ji, kuma uwar da ta gani ita ce za ta ɗage tallan Laraba.

Abin da muke roƙo daga gare ku ke nan, ranku ya daɗe. Ku fitar da umarni kafin komawa makaranta a Satumba cewa ɗaki ɗaya, da ɗakin gwaji inda akwai shi, da bayan gida, su kasance a buɗe a lokacin kulob, kayan da ke kulle a kabad don tsoron kada su lalace a fito da su. Ku sa sa'o'in kulob cikin lissafin aikin malamin da ke riƙe da shi, domin aikin sa kai yana mutuwa ranar da aka yi wa mai shi canjin wuri; saboda haka ma kowane kulob ya zama da malamai biyu. Ƙungiyar iyaye ta ware ɗan kuɗin kayan da ke ƙarewa a kowane zango, a hannun ma'aji, da rasit. Mai ba da shawara kan zaɓen fanni ya zauna da 'yan turwaziyem da iyayensu a zango na biyu, kafin a cike takardu, ya faɗa musu ƙarara ƙofofin da A ke rufewa da waɗanda C ke buɗewa. Duk yarinyar da ta rasa zama biyu a jere, mace ta je gidansu a cikin makon ta ji dalili.

Rahoton da za ku riƙa karɓa kuma kada ya zama hotuna. Ku nemi lamba huɗu daga kowace makaranta a ƙarshen Mayu: nawa suka zo zama na farko, nawa suka zo na goma, nawa suka zo na ashirin, kuma cikin 'yan turwaziyem nawa suka nemi sagond C. Inda lambar ta faɗi tsakanin na farko da na goma, a aika sufeto ya tambayi yaran da suka daina zuwa, su da uwayensu, kafin ya tambayi malami.

Allah ya taimake ku a kan wannan nauyi. Wassalam.

Daga wasu malaman lissafi da kimiyya na makarantun sakandare,
Garwa.